Bayan an watse daga suna: maijego, mijinta da hutun kwana 14

A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa ba ma'aikaci namiji hutu idan matarsa ta haihu. A watan Nuwamba na 2022 kuma Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, a zamanin Dakta Folasade Yemi-Esan, ya fitar da takardar umarni da ta tsara yadda abin zai gudana: kwana 14 na aiki, sau ɗaya cikin shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Mataki ne mai kyau, kuma ya zo a makare. Sai dai tun daga lokacin ba a cika tambayar abin da magidanci yake yi da waɗannan kwanaki ba, balle a tambayi ko sun faɗo a daidai lokacin da matarsa ta fi buƙatarsa.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke aiki a wata ma'aikata a Abuja, iyalinsa kuma suna Gombe, a Tumfure ko Pantami ko Jekadafari, saboda kuɗin haya a babban birnin ya fi ƙarfin albashinsa. Irinsa suna da yawa. Ranar da aka kira shi aka ce an sauka lafiya, sai ya cika takarda, ya kama hanyar Jos da Bauchi, ya isa gida a gajiye. Daga nan kwanakinsa sun zama na rago da goro da rumfa da kujeru, da atamfar maijego, da karɓar 'yan barka a ƙofar gida. Ɗakin maijego kuwa cike yake da mata, ba wurin zamansa ba ne. Sai dai ya leƙa, ya ga jariri, ya ce sannu. Ranar bakwai a raɗa suna. Bayan 'yan kwanaki ya haɗa jakarsa ya koma bakin aiki, abokansa na ofis su tambaye shi, ya ce an yi taro lafiya an tashi lafiya. A lissafinsa ya sauke nauyi. A lissafin likita kuwa, ya tafi ne ana gab da shiga lokacin da ya fi hatsari.

Abubuwa uku ne ke iya samun zuciyar mace bayan haihuwa, kuma cakuɗa su ne ke sa a yi sakaci. Na farko shi ne ɗan sauyin yanayi na kwanakin farko: kuka ba dalili, saurin fushi, fargaba. Yana samun mata da yawa, yana da nasaba da faɗuwar sinadaran jiki da suka hauhawa a lokacin goyon ciki, kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Na uku shi ne taɓin hankalin bayan haihuwa, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yana zuwa da ruɗewa da surutai da jin muryoyi. Wannan ba ya ɓoyuwa, kuma buƙatarsa asibiti ne cikin gaggawa. Na tsakiyarsu shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma shi ne ya fi yin ɓarna saboda ba ya hayaniya. Yakan bayyana cikin makonni ko watannin farko, ya daɗe fiye da mako biyu, ya ƙi tafiya. Mace ta rasa jin daɗin komai, barci ya ƙaurace mata ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita daga ranta, ta riƙa ganin kanta a matsayin uwar da ta kasa, wani lokaci ta ji babu wata shaƙuwa tsakaninta da abin da ta haifa. Idan ya tsananta, tunanin mutuwa ya fara ziyartarta.

Ba abu ne da ba safai ake gani ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da su sun nuna cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu a duniya suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kashi 19.8, wato kusan mace ɗaya cikin biyar. Wannan adadi na biyu ya fito ne daga nazarin da Farfesa Jane Fisher da abokan aikinta suka wallafa a mujallar hukumar a 2012, inda suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Abin da ya fi jan hankali a nazarin ba adadin ba ne, jerin dalilan ne. Talauci na ciki, cikin da ba a shirya masa ba na ciki, ƙarancin shekaru na ciki. Amma kusa da su akwai duka da cin zarafi daga miji, da mijin da ba ya tausayawa, da dangin miji masu tsangwama, har da haihuwar 'ya mace a inda ake jiran namiji. A cikin abubuwan da ke kare mace kuwa an ambaci miji mai kirki, wanda za a iya dogara da shi. Ma'ana, yadda zaman aure yake yana cikin lissafin lafiyar maijego, kamar yadda hawan jini da ƙarancin jini suke ciki.

Alaƙar kuma tana tafiya ta fuska biyu, kuma nan ne gidaje da yawa ke rushewa ba tare da kowa ya gane abin da ya rushe su ba. Zaman da babu daɗi yana haifar da ciwon, ciwon kuma yana lalata zaman da a da yake lafiya. Magidancin da ke Abuja ya kira waya da dare, ta amsa da eh da a'a. Ya tambayi yaro, ta ce yana nan. Ya aika kuɗi, bai ji godiyar da ya saba ji ba. Ya zo ƙarshen wata ya tarar da gida a hargitse, ita kuma ba kwalliya, ba fara'a, ba ta son a taɓa ta. Shi abin da ya gani raini ne, ko kuma ta haihu ta samu wurin zama ta fara sauya hali. Sai ya ja baya, ya rage kira, ya tsawaita zamansa a majalisa. Ita kuma wannan ja da baya ya tabbatar mata da abin da ciwon ke raɗa mata tun farko, cewa ba ta da amfani kuma ba a sonta. Daga nan uwar miji ta sa baki, ƙanwar miji ta kawo rahoto, a fara zancen ƙarin aure a matsayin horo. Wani auren a nan yake mutuwa, da jariri ɗan wata huɗu a baya, kuma a wurin sulhu za a yi ta maganar rashin ladabi da rashin haƙuri, babu wanda zai ambaci rashin lafiya.

Dole a yi wa al'ada adalci. Wankan jego, da zaman kwana arba'in, da tafiyar mai haihuwar fari gidan iyayenta, tsari ne da kakanni suka gina don kada a bar maijego ita kaɗai. Ana ɗauke mata girki da wanki, ana dama mata kunu, ana gasa mata nama, ana samun tsohuwar da za ta karɓi jariri ta ce je ki kwanta. Abin da masana ke kira tallafin jama'a, wanda ƙasashen Turai ke kashe kuɗi don samarwa, ƙasar Hausa da ta Fulani sun daɗe da shi kyauta. Wani ɓangaren al'adar dai yana da illa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Wannan ma dalili ne na kada a yanke hukunci a gida, domin maijegon da ke fama da kasala da haki da kumburin ƙafa zuciyarta ce za a fara dubawa.

Amma tsarin yana da giɓi biyu. Na farko, yana da ranar ƙarewa. Da an yi arba'in, tsohuwa ta koma garinsu, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, maijego ta yi yawon arba'in ta dawo ɗakinta, sai gida ya yi tsit, alhali ciwon damuwa a wannan tsakanin yake kan ganiyarsa. A da can ta dawo ne cikin babban gida mai sassa, inda ko tari ta yi za a ji. Gombe ta yau ba haka take ba. Garin da ya zama babban birnin jiha a 1996 ya buɗe ta ko'ina, kuma matar ma'aikaci a sababbin unguwanni tana zaune ne a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, maƙwabciyarta ba ta san sunanta ba. Giɓi na biyu shi ne al'adar ta fitar da miji daga lissafi ɗungurungum. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, aka bar masa cefane da rago. Lokacin da mata suka cika gida wannan rabon aiki yana da ma'ana. Yanzu da suka watse, mutum ɗaya tilo da ya rage kusa da ita shi ne wanda ba a taɓa koya masa ya lura ba.

Akwai kuma kunya, wadda a Gombe take da nauyi na musamman, kasancewar masarautar da Buba Yero ya kafa ta ginu ne a kan tarbiyyar Fulani. Ana yaba wa macen da ta haihu ba ta yi raki ba. Ana yaba wa wadda ke kawar da kai daga ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Ɗabi'a ce mai kyau a muhallinta, sai dai tana iya zama labule. Yarinyar da ta haifi ɗan fari, ta zauna shiru, ba ta ɗokin jaririnta, ba ta cin abinci sai an matsa mata, za a ce kunya ce da kawaici, har a yi alfahari da ita. Ba kowace mai kunya ce marar lafiya ba, amma marar lafiya na iya ɓuya a cikin masu kunya har wata shida ba a gane ba. Idan kuma abin ya fito fili, fassarar farko ita ce iska ko sammu ko kambun baka, ta biyu kuma butulci: Allah ya ba ki ɗa, wasu na nema ba su samu ba, me kike wa kuka? Babu mai hana addu'a, a masallaci ko a coci. Abin da ake cewa shi ne, wanda ya karye ana yi masa addu'a kuma ana kai shi wurin ɗori.

Mai ja da wannan magana zai ce ana ɗora wa maza laifin abin da tattalin arziki ya jawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota daga Abuja zuwa Gombe ya zama abin da ƙaramin ma'aikaci zai yi lissafi kafin ya biya, kuma mutumin da ke neman na shinkafa ba shi da sukunin zaman hira. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba kowace mai wannan ciwo ce mijinta ya gaza ba. Yana kama matar da ake tarairaya, musamman idan ta taɓa yin damuwa a baya, ko ta sha wahalar haihuwa, ko jaririn ya zo ba rai. Su ma mazan ba su tsira ba. Wani nazari da Paulson da Bazemore suka wallafa a Amurka a 2010 ya gano cewa kusan uba ɗaya cikin goma na shiga damuwa a tsakanin goyon ciki da shekarar farko ta haihuwa, kuma damuwar uba da ta uwa sukan tafi tare. Amma wannan duka bai rushe hujjar ba. A cikin dalilan da aka lissafa, farashin abinci ba ya hannun magidanci, sinadaran jikin matarsa ba sa hannunsa. Yadda yake magana da ita, da ko zai tsaya tsakaninta da tsangwamar danginsa, da ko zai yarda ta je asibiti, waɗannan suna hannunsa, kuma a gidaje da yawa mace ba ta fita neman magani sai da izininsa da kuɗinsa.

To idan ya yarda, ina za ta je? A watan Janairu na 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma ƙaura zuwa ƙasashen waje na ƙara rage su. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da Arewa maso Gabas ta daɗe tana dogaro da shi yana Maiduguri. A Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, amma duk wanda ya san garin ya san cewa maijego ba za ta ɗauki jaririnta ta nufi sashen masu taɓin hankali da ƙafarta ba, ko da kuwa ƙofarsa a buɗe take. Tsoron abin da za a ce ya ishe ta.

Inda take zuwa da kanta shi ne layin rigakafi. A mako na 6 da na 10 da na 14 tana kai jariri a yi masa allura, a auna nauyinsa, a rubuta a kati. Sau uku ke nan tana zama a gaban ma'aikaciyar lafiya a daidai lokacin da ciwon ya fi bayyana, kuma sau uku ana duba jariri a sallami uwa. Jihar Gombe na da gundumomi 114 a ƙananan hukumomi 11, kuma manufar ƙasa ita ce kowace gunduma ta samu cibiyar lafiya matakin farko mai aiki. Ma'aunin Edinbura, wanda John Cox da abokan aikinsa suka fitar a 1987, tambayoyi goma ne kacal da ake amsawa cikin 'yan mintoci, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa tantance masu jego da irin wannan ma'auni. Abin da zai ci kuɗi shi ne fassara shi da kyau zuwa Hausa da Fulfulde da Tangale da Tera, da horar da masu tambaya, da tanadar inda za a tura wadda aka samu da ciwon, domin tantancewa ba tare da magani ba wahalar da mutane ne kawai.

An gwada, kuma ya yi aiki a wuraren da ba su fi Gombe wadata ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zama da masu ciki da masu jego suna taimaka musu su sauya yadda suke kallon matsalolinsu, tare da jawo iyali cikin lamarin. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa wannan hidima, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. A nan gida ma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya nuna a cibiyoyin lafiya na Jihar Oyo cewa ungozomomin asibiti da ma'aikatan lafiya na matakin farko za su iya kula da wannan ciwo idan an horar da su kuma akwai likitan da ke duba aikinsu. Ga wadda ciwonta ya yi tsanani akwai magunguna da likita zai iya ba mai shayarwa ba tare da an yaye jariri ba.

Saura abin da ke hannun Abuja, kuma mafi yawansa aikin takarda ne, irin wanda masu karanta wannan shafi ke rubutawa kullum. Ya kamata Ofishin Shugabar Ma'aikata ya fayyace a rubuce cewa ma'aikaci na iya raba hutunsa biyu: mako guda don haihuwa da suna, sauran kuma a ajiye zuwa bayan arba'in, lokacin da gida ya zama babu kowa. Wannan bai ƙara wa gwamnati ko kwana ɗaya ba. Sharaɗin sau ɗaya cikin shekara biyu kuma yana buƙatar a sake dubansa, domin a Arewa ma'anarsa ita ce mai mata biyu da suka haihu a shekara guda zai samu hutu don ɗaya, ɗayar kuma ta yi jegonta ba shi. A gidan da ake auna adalci da kwana, wannan kaɗai ya isa ya kunna wuta. Ma'aikatar Lafiya, a ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, tana iya sa tantance damuwar masu jego cikin abin da ake bin cibiyoyin da ke karɓar kuɗin Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko su kawo rahotonsa. Kowane ma'aikacin gwamnati ya san cewa abin da ba shi da gurbi a rajista ba a yin sa.

Akwai rukuni guda da takardar umarni ba ta cika isa gare su ba: mataimaka na musamman, da masu tsaron lafiya, da direbobi, da sakatarorin manya, waɗanda hutunsu ke rataye a fuskar maigida. Da yawansu ko neman kwana 14 ɗin ba sa yi, don kada a ce ba su da himma, ko a dawo a tarar wani ya zauna a kujerarsu. Minista ko sanata ko babban sakataren da ya aika wa yaronsa rago da ambulan ranar suna ya kyauta, amma da zai tambaye shi bayan wata biyu yaushe rabonsa da Gombe, ya kuma sallame shi na mako guda, da ya fi ragon amfani.

Shi kuwa magidancin, abin da ake nema a wurinsa bai kai yadda yake tsoro ba. Idan ya kira, ya tambayi lafiyarta kafin ta yaro, ya tambaye ta ko tana samun barci, ya kuma jira amsa. Idan yana gida, ya karɓi jariri na 'yan sa'o'i ta runtsa, domin rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke rura ciwon. Ya nemi wata 'yar'uwa da take jin daɗin zama da ita, ba wadda shi ya zaɓa ba, ta zauna da ita bayan arba'in. Ya jinkirta duk wani babban hukunci game da auren a waɗannan watanni. Idan shirun da kukan suka wuce mako biyu, ya raka ta asibiti da kansa ya faɗa wa ma'aikaciyar lafiya abin da ya gani, domin ita mai yiwuwa ta ce lafiya lau. Idan kuwa ta fara cewa gara ta mutu, ko yaron zai fi jin daɗi ba ita, ko ta fara ganin abin da ba kowa ke gani ba, to kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kuma a kai ta Asibitin Koyarwa a ranar, ba sai ya samu izinin barin Abuja ba.